Ƙwayar Gyaran Fuska

Bukari ne ya karɓi jarkar rubutun daga hannun Rahinatou, ya cusa ta ƙarƙashin kujera, ya kuma ja wa direba kunne kada kowa ya ɗora ƙafa a kai. Direban ya ce shi mota yake ja, ba masallaci ba. Aka kwashe da dariya, Bukari ya fi kowa. Haka halinsa yake, ko zaginsa aka yi sai ya nemo wurin dariya a ciki.

"Yaya Rahina, zauna bakin taga. Hanyar da nisa."

Ya girme ta nesa ba kusa ba, amma tunda ƙanwarta Adiza yake aure, dole ya kira ta Yaya. Ta zauna, ta rungume jakarta a cinya. Tashar Sokode ba ta cika kamar da ba. Tun da aka shiga yajin aikin gama-gari mota ɗaya ce ko biyu ke tashi zuwa arewa, su ma sai direba ya saurari rediyo ya ji ba a kwana ana harbi a Lome ba. Ofishin da Rahinatou ke buga tafireta a rufe yake wata da watanni, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikin kwaɗon. Shi ya sa Innarsu ta ce tunda zaman banza take yi, ta bi mijin ƙanwarta zuwa Dapaong, ta kai wa Adiza rubutu da saiwoyi, ta zauna ta ga ana sha yadda malam ya ce.

Maganar ba ɓoyayya ba ce. Adiza ta kusa shekara biyu a ɗaki, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Uwar Bukari, Hajiya Memounatou, ta riga ta yanke: in Babbar Sallah ta zo ba ciki, a mayar wa mutanen Sokode da 'yarsu. Bukari ne ke ta tarewa. Mahauci ne ɗan mahauta, wuƙa ba ta ba shi tsoro, amma gaban uwarsa muryarsa rawa take yi. Duk da haka a kan Adiza ya tsaya, abin da ya ba kowa mamaki.

Mota ta tashi. Kafin su kai Bafilo ya saya mata dafaffen ƙwai, ya ba ta labarin farashin shanu, ya kwaikwayi yadda wani maƙwabcinsu yake faɗin "demokarasi" kamar mai tauna ƙashi. Rahinatou tana murmushi inda ya kamata. Ta kan rasa yadda za ta yi da kirkin mutumin nan, don ba ta manta ba, shi kuwa da alama ya manta sarai.

Wajenta ya fara zuwa neman aure. Shi da kawunsa suka zauna a zauren gidansu, aka ce babbar ta kawo ruwa. A lokacin fuskarta ba ta kalluwa. Tun tana lekol, wato makarantar boko, ƙuraje suka kama ta, ba irin ƙanana na 'yan mata ba, manya masu tauri da ke fitowa a haɓa da muƙamuƙi, su yi ja, su yi ruwa, su fashe su bar tabo. Duk wata in al'adarta ta kusa sai su taso gaba ɗaya. Ta shafa toka da lemun tsami, ta shafa man kaɗanya, ta sha ɗaci iri-iri, ta daina cin gyaɗa. Yaran unguwa suna ce mata Mai Gurasa, wai fuskarta ta yi kama da gurasar da aka barbaɗa wa ƙuli. Ranar ta durƙusa ta ajiye kwanon ruwa, Bukari ya ɗago ya dube ta sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan tabarma bai sake ɗagowa ba. Bayan mako guda saƙo ya zo cewa ƙaramar yake so.

Ta yi kuka, ba ƙarya. Daga nan ne ta je wajen Madam Akuvi, wata ungozomar asibiti 'yar kudu da ke kawo mata takardu tana buga mata. Madam Akuvi ta juya fuskarta dama da hagu, ta tambaye ta lokacin da suke tasowa, ta auna jininta, ta ce wannan ba daga fata yake ba, daga cikin jiki yake. Ta ba ta ƙwayar hana ɗaukar ciki. Ta ce tana kwantar da irin waɗannan ƙurajen, a sha ɗaya kullum a lokaci guda. Ta kuma ce kada ta ba kowa, don ba kowane jini ke ɗaukarta ba.

Budurwa da ƙwayar hana ciki a Zongon Sokode! Rahinatou ta san abin da za a ce. Saboda haka duk fakitin da ta karɓo sai ta ɓare ƙwayoyin ta zuba a gwangwanin man zafi, ta jefa takardar a masai. Wata uku fuskarta ta kwanta, tabon ya dushe. Matan da ke kawar da kai suka koma tare ta a hanya suna tambaya.

Sai ga biki ya matso, amarya Adiza kuma ta fara fesowa da ƙuraje, haɓarta duk ta yi rudu-rudu. Inna ta tsare Rahinatou a ɗaki. A gidansu ba a rowar magani. Wanda ya sha abu ya ji daɗi, sai ya ɗiba ya miƙa wa na kusa, ko na ciwon kai ne ko na basir, ba a tambayar sunansa, launinsa kawai ake riƙewa. Inna ta ce, "Ke kin warke za ki bar 'yar'uwarki ta shiga ɗakin miji haka? Me mutane za su ce a kanki?" Rahinatou ta buɗe baki za ta faɗi ko maganin mene ne, ta dubi Inna, ta rufe. Ta ɗibar wa Adiza abin da zai kai ta ƙarshen biki da 'yan kwanaki. A ranta ta ce in ya ƙare ya ƙare, ba wanda ya cutu. Ko da Adiza ta aiko daga Dapaong tana neman ƙari, ta ce a gaya mata likitar ta gudu Gana, wanda kuma gaskiya ne.

Sun wuce Kara lafiya. Shingayen farko duk na miƙa hannu ne, direba ya sauka ya dawo. Sai da suka wuce Kante, rana ta take, suka tarar da wani shingen na ganguna da ƙaya. Mutum huɗu ne, uku da kaki, ɗaya da rigar ƙwallo da bindiga. A shekarun nan ba mai tambayar mai kaki ko shi wane ne, ko wa ya aiko shi. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Takardun 'yan adawa suke nema, in ji su.

Wanda ya zo kan Rahinatou dogo ne, da tabarau, yana jin daɗin aikinsa. Ya zazzage jakarta a ƙasa. Zannuwa, sabulu, ƙullin saiwoyin Inna. Sai fakiti biyu sababbi suka faɗo daga cikin ɗankwali. Jiya da yamma ta samo su da ƙyar ta ƙofar bayan wani kantin magani, ba ta sami sukunin ɓarewa ba saboda Inna na ɗakin tana haɗa kaya.

Ya ɗauka, ya karanta Faransancin a hankali, ya ɗago.

"Madam ko madmazel?"

Ta sunkuya ta ɗauki ɗankwalinta.

"Ina tambaya ka. Kana da miji?" Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Ba ni da shi. Na ƙuraje ne. Likita ce ta ba ni."

"Ƙuraje!" Ya ɗaga fakitin sama yadda kowa zai gani. "Jama'a, kun san wannan? Wannan mace ya sha, ya kwana da namiji goma, ciki babu. Shi ya ce na ƙuraje!" Ya leƙa fuskarta kusa-kusa har tana jin warin tabarsa. "Ina ƙuraje? Fuska kamar na jariri. To ga demokarasi da kuna so. Kowa ya yi abin da ya ga dama."

Abokansa suka yi ta dariya. Fasinjoji maza suka sunkuyar da kai, amma kunnuwansu a buɗe. Wata tsohuwa da tun daga Sokode take kiran Rahinatou "'yata", har ta ci ƙwanta ɗaya, ta janye gefen zanenta ta tofar da yawu. Rahinatou ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta durƙusa tana tattara kayanta, tana addu'ar abin ya tsaya a nan.

"Ranka ya daɗe, in gani?"

Muryar Bukari ce. Ya matso, ba dariya a fuskarsa. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da wata takardar ƙwaya da aka shanye, duk ta lanƙwashe. Ya kara ta da wadda ke hannun mai kaki. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, layin ramukan ɗaya.

Mai kaki ya duba, ya sake dubawa, sai ya riƙe ciki don dariya. "Kai ma kana sha?"

"Na matata ne," in ji Bukari, kamar mai magana cikin barci. "Na fuska ne. Ni nake saya mata."

"To, alhaji, in kana jira haihuwa, ka nemi kujera." Ya zuba fakiti biyun a aljihunsa, ya ɗaga musu hannu su wuce.

A cikin mota ba wanda ya yi magana, kuma ba wanda bai kasa kunne ba. Rabin fasinjojin 'yan Zongon Dapaong ne. Tsohuwar nan ma, ashe, katangarta ɗaya da Hajiya Memounatou. Sai da suka haye gadar Mango Bukari ya yi magana, ƙasa-ƙasa, idonsa a kan ƙeyar direba.

Ya ce da na gwangwanin ya kusa ƙarewa, Adiza ta ba shi ƙwaya ɗaya a ƙullin leda. Ya kai wa wani mai tallar magani a kasuwar Sinkase, bakin iyaka, inda yake zuwa sayen shanu. Mutumin ya dubi launinta da girmanta, ya tona kwalinsa ya fito da irinta. Ya daki kafaɗar Bukari ya ce, kai mutumin zamani ne. Bukari ya ji daɗi, ya ɗauka yabo ne don yana kula da fuskar matarsa. Tun daga nan bai taɓa bari ta yanke ba. Ko ranar da aka rufe hanya aka ƙone motoci, ta daji ya bi da keke ya sayo.

"Na sayar da bijimi saboda malamai," ya ce. "Na sha abin da kare ba zai sha ba, don na fara zaton daga gare ni ne. Na yi wa Hajiya musu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ashe da hannuna nake kai mata. Da safe in ta manta, ni nake tuna mata."

"Adiza ba ta sani ba," Rahinatou ta ce. "Wallahi ba ta sani ba. Ni na ba ta don biki kawai. Kunya ce ta hana ni faɗa. Ban san an ci gaba ba."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba, Bukari."

"Shekara biyu ana aiko muku ba ciki, ba ciki. Ba ki taɓa tambaya ba?"

Ta juya fuskarta wajen taga. Sau ɗaya Adiza ta zo Sokode, fuskarta sumul, Inna tana ta cewa aure ya karɓe ta. Abin ya ɗarsu a ran Rahinatou a ranar, ta kore shi, don tambayar za ta jawo wata tambayar.

Bayan la'asar suka shiga Dapaong. Tsohuwar nan, wadda ta yi ta kukan gwiwa a hanya, ita ta fara dira, ta bar kayanta wajen direba, ta kama hanya da saurin da ya fi ƙarfin shekarunta. Kafin Bukari ya gama sauke jarka su isa gida, tsakar gidan ya cika. Matan maƙwabta sun jeru a gindin katanga, wasu da jarirai a baya, wata ma da ludayi a hannu. Hajiya Memounatou tana zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu. Adiza na durƙushe a gabanta, ga fakitin da ta fara sha an ajiye a tsakaninsu. Ba wanda ya amsa sallamar Rahinatou. Ba wanda ya kawo mata ruwa.

Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta faɗi abin da ta faɗa a mota, daga farko har ƙarshe. Ta faɗi ƙurajen, ta faɗi Madam Akuvi, ta faɗi gwangwani. Hajiya ta bar ta ta gama. Tsohuwa ce mai sanyin murya, irin waɗanda ba sa ɗaga harshe don ba su taɓa bukata ba.

"Kin gama?"

"Na gama, Hajiya."

"Ni ma ina da 'yar'uwa. Ɗaki ɗaya muka tashi, kamar ku. Ba abin da ta sa a bakinta ban san shi ba. Yanzu ke kina so in yarda kin ba ƙanwarki, uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ke kulle mahaifa, tana shirin shiga ɗakin miji, ba ki gaya mata ba, wai don kunya. Kuma ba ki nufe ta da komai ba." Ta ja carbi ɗaya. "Wannan labarin ki kai wa yara. Abu biyu ne. Ko dai kun sani ku biyun, kun haɗa baki kun mayar da ɗana abin dariya a kasuwa. In haka ne, ga ta nan, motar da ta kawo ki ta mayar da ku tare, yau ba gobe ba. Ko kuwa ita ba ta sani ba, ke kika yi mata, kuma kin san dalilinki. Mu ma nan mun san wajen wa aka fara zuwa."

Matan katanga suka yi guna-guni. Rahinatou ta dubi Bukari. Yana tsaye bakin rumfa, hularsa a hannu, yana dubanta da roƙo a fili. Bai damu da wace ce gaskiya ba. So yake a ba shi abin da zai riƙe matarsa da shi. Ta dubi Adiza. Kanta a sunkuye, wuyanta ya rame. Ita ce yarinyar da Rahinatou ta goya har bayanta ya yi kanta, wadda ta koya wa ɗaurin ɗankwali. In aka kore ta yau da wannan suna, ba mai sake aurenta daga nan har Sokode.

Tsakanin biyun da Hajiya ta shimfiɗa ba wurin gaskiya, Rahinatou ta gane haka sarai.

"Ba ta sani ba," ta ce. "Ni na yi."

"Ɗaga murya. Na tsufa."

"Da gangan na yi. Wajena ya zo, ya dube ni kamar ya ga abin ƙyama, ya ɗauki ƙanwata. Aka sa ni na yi mata lalle, na wanke mata kwanoni, na rako ta har garin nan ina guɗa. Na ce tunda ta samu mijin, ba za ta samu ɗan ba. Na san in ta ga fuskarta ta yi kyau ba za ta daina ba."

Maganar ta fito a jere, ba gargada, har ita kanta ta tsorata. Ƙarya take yi, amma ba duka ba, don zafin da ta faɗa ta taɓa jin sa, kuma ga shi ashe bai tafi ko'ina ba. Tsakar gidan ya ɗauki salati. Bukari ya sauke numfashi mai ƙarfi, ya mayar da hularsa.

Adiza ta miƙe. Ta yi wata ƙara da ta sa jarirai suka farka, ta yi kan yayarta, ta kwaɗa mata mari, ta sake. Sai da mata biyu suka riƙe ta.

"Allah ya isa tsakanina da ke! Muguwa! Allah ya mayar miki da fuskarki ta da, ya ƙara miki! Ki mutu ba wanda ya ce yana so!"

Hajiya ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce ya isa. Ta sa aka jefa fakitin a murhu. Ta sa aka ɗauki jarkar rubutun, wadda Inna ta yi ta zarya wajen malam kafin ta samu, aka tuttular a bayan gida, ta ce ba abin da ya biyo ta hannun nan da zai shiga cikin surukarta. Ta ce wa Bukari gobe da sassafe ya aika wa mutanen Sokode da bayani ta bakin direba, kada wata ta riga ta kai nata. Sannan ta dubi Rahinatou.

"A gidan nan ko baƙo ne Bamoshe da ya ɓata hanya muna ba shi wurin kwana. Ke dai ba za ki kwana ba."

Rahinatou ta tashi, kuncinta na zafi. Ta ratsa matan, suna janye jiki kamar mai cutar da ake ɗauka. Ta kai zaure ta tuna jakarta, ta tsaya, ba ta da ƙarfin komawa. Sai ta ji muryar Adiza daga ciki tana cewa a bar ta ta jefa mata tsiyarta da hannunta.

Adiza ta shigo zauren da jakar. Ba kowa sai su biyu, sai ƙamshin kilishin da aka shanya a kan rufi. Ba ta jefa ba. Ta ajiye a hankali, ta leƙa baya, ta matso har numfashinsu na haɗuwa. Idonta jawur, amma muryarta ta daidaita.

"Yaya."

"Koma ciki. Kada su gan ki."

"Yaya, na sani."

Rahinatou ta dube ta.

"Tun bara. Wata nas ta zo bikin suna a nan maƙwabta, ta gani a ɗakina, ta gaya mini. Na daina, wallahi na daina. Wata biyu. Ƙurajen suka fito, Yaya, irin naki, manyan nan. Ran nan na kawo masa abinci ya ɗago ya dube ni, sai ya mayar da ido kan tabarma." Ta sake leƙa baya. "Ina bayan labule ranar da ya zo wajenki. Na ga yadda ya yi. Washegari na ce masa maganina ya ƙare."

"Kika bar ni na faɗi abin da na faɗa."

"To me zan ce? Ke ba ki da abin da za a ƙwace miki. Ni fa?"

Ta faɗe shi ne ba da mugunta ba, yadda ake faɗin abin da kowa ya sani, kuma wannan ya fi marin ciwo. Daga cikin gida aka ji Hajiya tana tambayar me ya tsayar da ita.

Adiza ta kama hannun yayarta, ta matse. "Sun ƙone nawa. Shi kuma ba zai sake sayowa ba. Ki taimake ni, ko na wata ɗaya ne, kafin in san dabara. Na san ba kya rabuwa da gwangwanin nan. Akwai saura?"

Gwangwanin na nan ƙulle a bakin zanen Rahinatou, ta cusa shi a ƙugu, tana jin sanyinsa a fatarta. Mai kaki bai kai hannu nan ba. Ta dubi fuskar ƙanwarta a hasken da ke shigowa ta ƙofa, sumul, ba ko ɗigo. Ta san yadda fuskar nan za ta koma kafin Babbar Sallah. Ta san ta inda ƙurajen za su fara.

"Mai kaki ya kwashe duka," ta ce.

Adiza ta daɗe tana dubanta. Sannan ta saki hannun, ta ja da baya, ta ɗaga murya yadda za a ji har bayan katanga.

"Fita! Kada in sake ganin ƙafarki a gidan mijina!"

A tasha aka ce ba motar kudu sai gobe, in an kwana lafiya. Rahinatou ta sami benci a rumfar masu jira ta zauna, jakarta a cinya. Gobe motar da za ta shiga ita ce za ta ɗauki saƙon Hajiya, ita a baya, saƙon a gaba wajen direba. Ta yi ƙoƙarin tuno fuskar Inna, ta kasa.

Aka kira magariba. Lokacinta ke nan, ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta kwance bakin zane, ta buɗe gwangwanin a cikin tafin hannu, ta ɗauki ɗaya ta haɗiye da yawu.

Wata mata mai jiran motar Mandouri, da ke zaune a ɗaya gefen bencin da buhun albasa, ta jima tana satar kallonta. Ta matso.

"Baiwar Allah, kada ki ce na cika tambaya. Fatarki ce ta ba ni sha'awa, tubarkalla. Ina da 'ya a gida, ƙuraje sun hana ta fita ko ƙofar gida, kullum kuka. Me kike shafawa?"

Rahinatou ta mayar da murfin, ta ƙulle bakin zanenta tam.

"Ba komai," ta ce. "Haka Allah ya yi ni."